Ƙwaƙwalwar Jamus a Cikin Hulata

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Sale sai a fara: "Garba, yaya ƙasar Faransanci? Da gaske ne ba a ɗauke wuta? Me ya sami tsakar kanka ka dawo da filasta?" Masu tambayar nan kuwa, ranar da zan tafi babu wanda ya raka ni ko bakin titi. To ga labarin, kowa ya karanta. Wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa, a bar ni in huta.

Ni makanikin tafireta ne. Aji biyu na yi a sakandare mahaifina ya rasu, karatu ya tsaya, na tafi Minna na koyi gyara wajen wani Bayarabe. Lokacin da ake ginin Abuja, ma'aikata duk a Suleja suke kwana, tafiretar kowane ofis shagona take zuwa. Injiniya ake ce mini. Da gwamnati ta gama tarewa sai kwamfuta ta shigo, aka koma ce mini Garba. Wasu yara biyu da na ci tuwon sunansu suka buɗe shago daura da nawa, suka sa labule da fanka, wai bizines senta. Ban taɓa taka ƙofarsu ba, kuma ba zan taka ba.

Babbar mai kawo mini aiki da ta rage ita ce Hajiya Talatu, mai makarantar kuɗi a hanyar Iku. Ni ke buga mata takardun jarrabawa. Wata rana ta zo, ko zama ba ta yi ba.

"Malam Garba, iyayen yara sun fara magana. Sauran makarantu da kwamfuta suke buga jarrabawa. Zangon nan in ba ka da ita, sai dai ka yi haƙuri."

Na ce, "Hajiya, yaron da bai yi karatu ba, ko da zinariya aka buga masa faɗuwa zai yi."

Ta ce, "Ni dai na gaya maka."

In Hajiya ta tafi, shago ya rufu, babu wata magana. Sabuwar kwamfuta kuwa, ko gidanmu na gado na sayar sai an yi mini ciko. Ana haka wani direba mai ɗauko motocin Kwatano, Ɗanjuma, ya ce mini ya ga sito guda a bayan tashar jirgin ruwa cike da kwamfutocin Jamus ta Gabas, ƙasar 'yan gurguzun nan da ta rushe aka haɗe ta da 'yar'uwarta. Ofisoshinsu sun zubar da su, wani ɗan kasuwa ya kwaso, ana sayarwa kusan farashin ƙarfe. Na sayar da babur ɗina, na kama hanya.

Lokacin wahalar mai ce. Ko Lambata ba mu wuce ba direba ya tsaya ya bi 'yan bumburutu da jarka, ya bar mu cikin rana muna cin soyayyar doya. Kusa da ni wata tsohuwa ce Banufiya mai kwandon busasshen kifi, ta tambaye ni ina za ni. Na gaya mata. Ta ce, "Kwamfuta? Ba ita ce aka ce tana sanin ranar mutuwar mutum ba?" Na ce tawa dai jarrabawa za ta buga. Ta ce in an samo a tambayar mata ita, domin tana da jikoki marasa kunya da take so ta shirya musu. Har Bida tana ba ni kifi. A Makwa taya ta fashe, a gadar Jebba muka yi layi bayan tankoki, a Ilori na fara jin an daina amsa mini da Hausa. Ikko ba zan ce komai a kanta ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba ya gode wa Allah.

Iyakar Seme ba ƙofa ba ce kamar yadda nake zato. Igiyoyi ne aka gitta a hanya, kowace igiya da mai ita, kowane mai ita da hannu. Wani ya tare ni ya ce ina katin allurata. Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon lambar da aka yi mini ina yaro. Ya duba, ya kira abokinsa shi ma ya duba, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Duk da haka sai da na ba da goro kafin igiya ta sauka.

Da na shiga Kwatano abin da ya fara tsayar da ni 'yan acaba ne. Kowa da rigar rawaya iri ɗaya, da lamba a baya, ka rantse 'yan makaranta ne aka taso. Ga mata a kan babur, su ke tuƙawa, da jaka a kafaɗa da goyo a baya, kuma babu mai ko waiwayensu. A Suleja da mace za ta yi haka, kasuwa ce za ta watse a bi ta kallo.

Na sauka a Zango, gidan Alhaji Mudi, wanda Ɗanjuma ya haɗa ni da shi. Kakansa Bakatsine ne, fatauci ya kawo shi. Hausarsa garau, sai dai kowace magana sai ya liƙa mata "bon" a gaba, wato "to" da Faransanci. Ya ba ni ɗaki tare da wasu dillalan mota 'yan Kano. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, na taɓa na ji shi ƙandas, na mayar na ce a faɗa wa mai shi na jiya ya ba mu. Alhaji ya ce, "Bon, Malam Garba, yanzu aka ciro shi daga wuta. Haka Allah ya yi shi." Na ci, ya yanke mini dasashi, amma cikinsa laushi kamar auduga. Da rana akasa ce, wato kamar kafa, da miyar tumatir da ɗanyen kifi da barkonon da ya sa na ga taurari. Wuta kuma, tun da kuna tambaya, duk zamana ƙwan ɗakin nan bai ƙifta ba. Har na riƙa kashe shi da kaina ina kunnawa, don in tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Na isa siton nan rana tsaka, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ashe can in rana ta take, kowa rufewa yake ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci, har ma'aikatan gwamnati. Mu nan ma ana barcin, amma a kan tebur, kuma ba a sanarwa. Na zauna gindin wata bishiyar kwakwa ina jin rurin teku har bayan azahar.

Wanda ya zo ya buɗe wani dogo ne siriri mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Sunansa Misye Isiyaku, Badende ne daga arewacin ƙasar, yana jin Hausa mai ƙamshin Zabarmanci. Na faɗa masa sana'ata. Ya miƙo hannu ya ce, "To sannu, kwamared. Kai sana'arka ta mutu, ni ƙasar da ta koya mini tawa ce ta mutu. Shigo."

Wallahi da na shiga sai da na cire hula na mayar. An jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ruwan toka duka, kamar kaburbura. Ba irin na robar nan na yaran unguwarmu ba ne da nake hangowa ta labule. Ƙarfe ne zalla. Na gwada ɗaga ɗaya, na ji kamar buhun masara. Na ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, ta amsa kamar ƙofar banki. Faifan da ake sa mata kuwa faɗinsa ya kusa na faifan tuwo.

Isiyaku ya ce gwamnatinsu ta da, lokacin tana bin gurguzu, ita ta tura shi Jamus ta Gabas koyon aiki. Ya yi shekaru a masana'antar da ake ƙera su. Da bangon da ya raba Jamus biyu ya faɗi aka rufe masana'antar, aka ba shi tikitin gida. Yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, sai ga injinan sun biyo shi a jirgin ruwa, aka ɗauke shi gadinsu.

Ya jona ɗaya, ya tura mata faifai, ta yi gurnani, ta yi ƙwas-ƙwas, sai ga rubutu kore ya fito a baƙin gilashi. Ya ja mini kujera. "Buga sunanka."

Ni da na kwashe fiye da rabin rayuwata a kan tafireta, sai ga ni ina laluben haruffa kamar ɗan koyo. Na buga, na yi kuskure a harafi ɗaya, na fara waige-waigen farin ruwan gogewa. Ya danna wani maɓalli. Harafin ya ɓace. Ba a kankare ba, ba a shafe ba, babu tabo, kamar ba a taɓa yin sa ba. Na tuna takardun da na yayyaga a rayuwata saboda harafi ɗaya, na tuna wani sakatare da ya taɓa jefa mini fayil a fuska. Na ce, "Sake." Ya sake. Na yi ta buga shirme ina gogewa kamar yaro ya sami sabon allo, shi kuwa yana tsaye yana murmushi.

Na ce, "To wa ke yin aikin a ciki?"

Ya kwance murfi ya nuna mini wani baƙin abu, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, da ƙafafu arba'in, ashirin kowane gefe, kamar shanshani. Ya ce sunansa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwa. Duk ƙarfen nan gangar jiki ce kawai.

Sai ya ba ni labarin da har yau ban manta ba. Ya ce asalin wannan abu Amurkawa suka ƙirƙiro shi, kuma suka haramta a sayar wa 'yan gurguzu. Mutanen nan ba su zauna suna kuka ba. Suka samo ta bayan fage, suka fasa, suka riƙa fere shi sala-sala kamar albasa, kowane sala su duba da madubin likita su zana abin da suka gani, har suka gama suka gina nasu. Ya ce ɗakin da ake aikin, ko numfashi ba a yi sai da ƙyalle a baki, domin ƙura ɗaya tana kashe shi. Yawancin masu aikin ma mata ne.

Ya ɗauko wani fasasshe daga aljihun tebur, ya sa mini madubi a ido. A tsakiya akwai ɗan gilashi bai kai ƙwayar wake ba. Da na duba sai na ga gari. Tituna miƙaƙƙu, unguwa-unguwa, layi bayan layi, babu wanda ya hau kan wani. Na ce, "Wannan ai Abuja ce." Ya ce, "Wannan an gama gininta." Na daɗe ban ɗago kai ba. Mutane suka yi wannan da hannunsu, aka wayi gari aka ce shara ce, a kai wa baƙar fata. Na ce a raina, Garba, ashe ba kai kaɗai aka yi wa ba.

Ya zaɓar mini mai lafiya, da na'urar bugawarta, wadda ke da wani ɗan abu mai juyawa kamar furen sobo, haruffa a bakin kowane reshe, guduma na dukan su ɗaya-ɗaya. Na yi 'yan kwanaki ina zuwa yana koya mini. Tun da umarninta duk da Jamusanci ne, ya sayo jan farce ya ɗiɗɗiga mini a kan maɓallan da zan riƙa taɓawa. Ya kuma faɗa mini sunan uban ƙwaƙwalwarta na Amurka, harafi ɗaya ne da lamba, ya ce ko da wata rana.

Daren tafiya bai zo ba sai da Alhaji Mudi ya ba ni shawara irin ta masu hanya. "Bon, in masu kaki suka jona ta suka ga ta tashi, kuɗin sabuwa za su yanka maka. In ba ta tashi ba, tsohon ƙarfe ce. Ka cire mata wani abu." Isiyaku bai so ba, amma ya zare ƙwaƙwalwar a hankali, ya soka ƙafafunta a soso, ya naɗe da takardar azurfa, ya sa a kwalin ashana. Ya ce, "Kwamared, ka riƙe ta kamar ƙwai."

Na san a iyaka ana laluben aljihu da jaka. Amma duk rashin mutuncin mai kaki, ba ya cire wa dattijo hula. Na sa kwalin a hula, ya yi tudu kamar na yi ƙari. Sai na yar da kwalin da soson, na bar ta a takardarta, ta kwanta lumui a tsakar kaina.

Dabara ta yi. Suka jona, gilashi ya yi haske babu rubutu. Ɗaya ya ce, "Baba, an cuce ka." Na ce, "An saba." Muka wuce da ɗan goro.

Ba mu kai Badagiri ba, direban motar hayar nan, wanda Allah zai saka mini a kansa, ya shiga wani rami da gudu. Na tashi sama, kaina ya daki rufin mota. Ban san na yi ihu ba sai da na ga kowa ya juyo. Ƙafafun nan sun huda takarda sun shige fatar kaina. Matar da ke gefena ta ga jini na bin kunnena ta fara salati da Yarbanci. Na cire hula, na zare abin daga kaina da hannuna. Ƙafafu sun lanƙwashe, biyu sun karye tun daga gindi. To ga amsar masu tambayar filasta.

Ciwon bai dame ni ba. Babur ɗina na gani a tafin hannuna, da shagona, an murƙushe su.

A Ikko na bar kaya wajen wani mai goro ɗan Suleja, na shiga kasuwar kayan wuta. Na sha yawo, ana ta juya abin ana girgiza kai. Daga ƙarshe na faɗa shagon wani Ibo da ya yi zaman Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya duba ya ce, "Malam, wannan ko a mafarki babu. A ina ka samo, gidan tarihi?" Na faɗa masa sunan da Isiyaku ya gaya mini. Ya ce, "Ah, ka ce uban kake nema." Ya jawo wani kwali, ga su nan a zube kamar gyaɗa. Baƙi, ƙafa arba'in, kamar an tsaga kara. Na saya na sa a gwangwanin taba, gwangwani a cikin jaka.

Na iso Suleja, aka kama mini kaya zuwa shago, yaran daura suna leƙe ta labule. Na rufe ƙofa, na kwance murfi, na ɗora sabuwar ƙwaƙwalwa a gurbinta. Ƙafafun farko suka shiga. Na tsakiya suka fara gardama. Na ƙarshe kuwa ba a rami suka sauka ba, a kan bango suka tsaya. Na juya, na sake, haka. Na zauna na yi tagumi.

Can sai na tuna abin da kowane makanikin tafireta ya sani: kusar injin Jamus ba ta shiga injin Amurka. Amurkawa da inci suke awo, Jamusawa da milimita. Na ɗauko ma'auni na gwada. Haka ne kuwa. Mutanen nan sun kwafi komai na cikin abin, har titunan da ido ba ya gani, amma da aka zo tazarar ƙafa sai suka ce su ba za su yi awon jari-hujja ba. Bambancin bai kai silin gashi ba tsakanin ƙafa da ƙafa, sai dai kafin a kai ta ashirin ya taru ya zama rigima.

Ina da wata 'yar filaya mai siririn baki da nake daidaita sandunan haruffa in sun karkace. Aikin da na fi iyawa ke nan a duniya, kuma babu mai nemansa yanzu. Na yi bisimilla na fara. Na tsakiya na bar su yadda suke, na gefe na riƙa karkato su ciki, kowace ta ɗara ta gabanta kaɗan. In ɗaya ta karye, babu kuɗin komawa Ikko. Gumi ya jiƙa filastar kaina. Da na gama na ɗora, na danna da babban yatsa, na ji ta zauna.

Sai babu wuta. Ranar ba a kawo ba, washegari ma haka. Da aka kawo ina cikin alwala, na bar buta na ruga. Na tura faifai. Ta yi gurnani, ta yi ƙwas-ƙwas, kore ya fito. Ƙwaƙwalwar Amurka a jikin 'yar gurguzu, waɗanda suka yi shekaru suna nuna wa juna makami, ga su a shagona suna aiki tare ba musu. Na zauna ina kallo, ban san hawaye na zuba ba sai da ya ɗiga a kan jan farcen Isiyaku.

Na buga jarrabawar lissafi ta 'yan aji huɗu, na aika aka kira Hajiya. Ta karɓi takarda, ta ɗaga ta sama, ta juya bayanta, ta shafa da yatsa.

"Malam Garba, wannan ai rubutun tafireta ne."

Na karɓa na duba. Gaskiya ta faɗa. Na'urar nan da guduma take dukan harafi a kan ribin tawada, kamar dai tafiretata. Sai a lokacin na lura.

Na ce, "Hajiya, zauna nan." Na buga sunanta ya fito kore. Na goge, na dawo da shi. Na danna maɓalli na naɗe hannuwana a ƙirji. Na'ura ta kama bugu ita kaɗai kamar injin niƙa, tebur na rawa, takarda na fitowa.

Ta ja da baya ta riƙe mayafi. "La'ilaha illallahu! Ba ka taɓa ta ba fa!"

"Ban taɓa ba."

"Ikon Allah. To aiki naka ne. Amma iyayen yara ba za su zo nan su gani ba. Yaya za su san kwamfuta ce?"

Na ce sai a rubuta musu. Ta ce yauwa. Tun daga ranar, ƙasan kowace takardar jarrabawa akwai layi ɗaya da ke cewa da kwamfuta aka buga. Ta ce har wani uba ya yaba, wai rubutun bana ya fi na bara fita.

Ranar da akwai wuta, 'yar gurguzu ke aiki, ni in zauna in yi ta kallonta, domin har yanzu ban gaji ba. Ranar da babu, wato yawancin ranaku, sai in jawo tsohuwar tafiretata in buga jarrabawa da yatsuna, in na kai ƙasa in buga wannan layin ma. Wanda ya kai wa Hajiya maganar nan, shi da Allah.